Tambaya da Amsa: Yadda Za a Rage Lokacin Auna Asid a Abinci da Magunguna

Daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan akwai guda huɗu da suka shafi auna asid, uku daga cikinsu kuma sun haɗu a kan damuwa ɗaya, wato tsawon lokacin da na'urar kuromatogirafi take ci kafin ta faɗi yawan asid ɗin da ke cikin abin sha ko magani. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su da wuraren aikinsu kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciya ce a ɗakin gwaji na wani kamfanin abin sha a Kano, muna sarrafa zoɓo da tsamiya da ruwan lemo. Kowane samfur yana cinye mana minti 30 a kan na'urar HPLC kafin mu samu sakamakon asid ɗin sitirik da malik da tatarik, ga shi wuta ba ta zama sai da janareto. Da ƙyar muke gama samfur 12 a yini, kaya kuma suna jibge a sito suna jiran sa hannunmu. Kolom ɗinmu C18 ne mai tsawon milimita 250 da faɗin 4.6, ƙwayoyinsa maikiromita 5, muna tura ruwa mililita 1 a minti. An ce mana babu mafita sai an sayi sabuwar na'ura mai matsi mai yawa. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba dole ba ne, domin da na'urar da ke gabanki za ki iya sauko da minti 30 ɗin nan zuwa kusan 11, kuma ina kyautata zaton cewa wani babban kaso na lokacin da kuke asara ma ba a cikin kolom yake tafiya ba. Amma bari in fara da ɗan bayani saboda masu karatun da ba su taɓa tsayawa gaban wannan na'ura ba.

Kuromatogirafi dabara ce ta raba sinadaran da suka cakuɗe a cikin abu ɗaya domin a auna kowanne shi kaɗai. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya raɗa mata wannan suna a 1906, bayan ya zuba ruwan ganye a cikin bututun gilashi da ya cika da garin alli, ya ga launukan ganyen sun rabu hawa-hawa. Na'urar HPLC jikanyar wancan bututu ce. Famfo yana tura ruwan jigila da ƙarfi ta cikin wani siririn bututun ƙarfe da ake kira kolom, wanda aka danƙare da ƙwayoyi da suka fi gari laushi, sai a ɗura ɗigon samfur a cikin ruwan. Abin da ke faruwa a ciki ya yi kama da jama'ar da suka taso daga masallacin Juma'a lokaci guda suka ratsa ta kasuwa: wanda ba shi da abin saye zai riga kowa fita ta ɗaya ƙofar, mai tsayawa ciniki a kowace rumfa kuwa sai can daga baya. A bakin fita akwai idon na'ura da yake zana tudu a allon kwamfuta duk sa'ad da wani sinadari ya wuce. Lokacin fitowar tudun yana nuna ko wane sinadari ne, girmansa kuma yana nuna yawansa.

Asid ɗin da kike aunawa suna cikin masu wuyar sha'ani. Sitirik na lemun tsami, tatarik na tsamiya, malik da ake samu a zoɓo tare da wasu, dukkansu ƙanana ne, masu son ruwa, masu kama da juna, alhali kolom na C18 abu mai maiƙo ya fi iya riƙewa. Shi ya sa ake sauko da pH, wato ma'aunin tsami, na ruwan jigila zuwa tsakanin 2.1 da 2.8 da gishirin fosfet, domin a irin wannan tsami ne asid ɗin suke zama ba su da caji, kolom ya samu abin kamawa. Duk da haka tazarar da ke tsakanin tuddansu ba ta da yawa tun asali, kuma a zangon hasken da ake ganinsu, nanomita 210, wasu sinadarai da dama na cikin abin sha su ma suna bayyana. Saboda haka kafin ki taɓa komai ki riƙe lamba ɗaya: ma'aunin rabuwa tsakanin tuddai biyu mafi kusa da juna kada ya gaza 1.5, wato layi ya sauko ƙasa sosai kafin tudu na biyu ya fara tashi. Duk saurin da ya ci wannan tazara, shi ne wanda Hausawa suka ce ya haifi nawa, domin sai an maimaita aikin.

Ƙarfin kolom wajen rabawa ya dogara ne, kusan gaba ɗaya, a kan tsawonsa idan aka raba da girman ƙwayoyinsa. Naki milimita 250 ne, wato maikiromita 250,000, idan aka raba da 5 sai a samu 50,000. Kolom mai tsawon milimita 150 da ƙwayoyi maikiromita 3 shi ma 50,000 yake bayarwa, ke nan ƙarfinsu ɗaya, amma hanyar ta ragu zuwa kashi 60 cikin 100. Ƙari a kan haka, tun a 1956 van Deemter da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka fitar da lissafin da ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyi sun fi jure gudun ruwa ba tare da tuddai sun baje ba, don haka za ki iya ɗaga gudun daga mililita 1 zuwa kusan 1.7 a minti. Gajeriyar hanya da ƙarin gudu idan suka haɗu, minti 30 ya koma kusan 11, ruwan jigilar da kowane samfur yake sha kuma ya sauka daga mililita 30 zuwa kimanin 18. Abin da za ki biya shi ne matsi, domin duk sa'ad da aka rage girman ƙwayoyi da rabi, matsi yana ninkawa sau huɗu a gudu ɗaya. A wannan sauyi matsin zai ƙaru kusan ninki 2.8, wato idan yanzu kina ganin bar 80 za ki ga kimanin 220, mafi yawan na'urorin HPLC na yau da kullum kuwa an gina su ne su ɗauki har bar 400.

Akwai kuma wani nau'in ƙwayoyi da ya shigo kasuwa a 2006, masu girman maikiromita 2.7, waɗanda cikinsu dunƙule yake, sai ɓawo mai huji-huji na rabin maikiromita a kewaye. Da yake sinadari ba ya nutsewa can ciki kafin ya dawo, tuddai suna fitowa sirara, kusa da abin da ƙwayoyin da ba su kai maikiromita 2 ba suke bayarwa, a kan matsi kimanin rabin nasu. Sai dai riƙonsu ga asid masu son ruwa yakan ɗan yi ƙasa, don haka ki duba okzalik da tatarik, waɗanda suke fitowa da wuri, kada su manne da tarkacen da ke fara fita daga kolom.

Ko wane kolom za ki saya, ki tabbata irin wanda aka yi domin aiki da ruwa zalla ne, wanda galibi za ki ga an rubuta AQ a jikin sunansa. Wannan ya shafe mu a nan fiye da mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa. C18 na gama-gari idan yana aiki da ruwa zalla kuma famfo ya tsaya, matsi ya faɗi, to hujojin ƙwayoyin sukan tofar da ruwan da ke cikinsu, kuma idan wuta ta dawo ruwan ba ya komawa ciki da kansa. Sai ki ga asid ɗin da ya saba fitowa a minti 8 ya fito a minti 4 tare da maƙwabtansa, ki ɗauka kolom ya mutu, alhali abin da yake bukata shi ne a wanke fosfet ɗin da ruwa tukuna, sannan a ratsa shi da ruwa mai rabin metanol ko fiye, a sake daidaita shi. Awa guda ta tafi ke nan a kan ɗaukewar wuta ta minti biyu. A ganina inbata da batir da za su riƙe famfo har janareto ya tashi sun fi sabuwar na'ura amfani gare ku a halin da kuke ciki.

Ba ina kushe sabuwar na'urar ba ne. Tun da kamfanin Waters ya fito da tasa a 2004, mai aiki da ƙwayoyi maikiromita 1.7 da matsi har kusan bar 1,000, aikin ɗakunan gwaji masu yawan samfur ya sauya matuƙa. Da kolom mai milimita 100 a tsawo da 2.1 a faɗi da ƙwayoyi 1.8, aikinki zai ƙare cikin minti 4 da 'yan daƙiƙoƙi, ya sha ruwa mililita 2.5 kacal, amma matsin zai ninka sau 8 zuwa 9, ya doshi bar 700. Irin wannan na'ura ba ta yafe datti ko kaɗan, tana bukatar ruwa mai tsabtar gaske, da wuta tsayayya, da injiniyan da zai zo idan ta tsaya, da kayan gyaran da ake biya da dala. Wanda yake da samfur ɗari ko fiye a yini ya cancanci ya yi tunaninta. Ku da kuke neman ninka 12 zuwa 30 ba ku kai can ba tukuna.

Idan sabon kolom ya zo, akwai ƙananan abubuwa a jikin tsohuwar na'ura da za su iya ɓata ribarsa. Sirarun tuddai suna bajewa a cikin dogayen bututai masu faɗi, don haka ki gajarta bututun da ke tsakanin kolom da idon na'ura, ki sa mai faɗin ciki milimita 0.12 a madadin 0.17 ko 0.25. Ki rage yawan samfurin da ake ɗurawa daidai da raguwar kolom, misali daga maikirolita 20 zuwa 12. Ki kuma ɗaga saurin ɗaukar bayanai na idon na'ura ta yadda kowane tudu zai samu aƙalla ɗigo 15 zuwa 20, in ba haka ba kwamfuta za ta zana shi da gefe-gefe, lissafin girmansa ya riƙa yawo.

Yanzu ga abin da na fi so ki yi tun kafin ki nemi kuɗin kolom. Ki ɗauki littafi ki rubuta, har tsawon mako guda, ƙarfe nawa samfur ya shigo, ƙarfe nawa aka gama shirya shi, ƙarfe nawa aka ɗura shi, da sau nawa aka maimaita shi da dalilin maimaitawar. Samfur 12 a minti 30 awa 6 ne kawai, to ina sauran yinin yake tafiya? A wani ɗakin gwaji da na taɓa aiki, wata rana matatanmu na sirinji suka ƙare, ni kuma na ga ruwan tsamiyar da na narka ya yi garau a ido, sai na ɗura shi haka. A samfur na huɗu na ga matsi ya tashi daga bar 90 zuwa 160, a na shida tuddai suka fara rabuwa gida biyu kamar ƙahon akuya, da na kwance kan kolom sai na tarar da ɗan rariyar bakinsa ya koma ruwan ƙasa, yana yauƙi. Na tsere wa aikin minti biyu, na rasa kwana biyu da kolom mai tsada. Tun daga ranar ba na barin samfur ya shiga na'ura sai an narka shi da ruwan jigila, an wujijjiga shi a na'urar da ke sa daskararrun abubuwa su kwanta ƙasa idan mai kauri ne, an tace shi da mataci mai huji maikiromita 0.45, ko 0.2 ga ƙananan ƙwayoyi, kuma ɗan ƙaramin kolom mai gadi yana gaban babba. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce, a riƙa rufe kwalaben ruwan jigila, a kuma haɗa na fosfet sabo kowane kwana biyu ko uku domin ƙwayoyin cuta suna tsirowa a cikinsa.

Zafin ɗaki shi ma yana motsa lokacin fitowar tuddai. Tandun kolom da dumamawa kawai ya iya ba zai riƙe digiri 25 a ɗakin da ya kai 35 a watan Afrilu ba, gara a ɗora shi a kan zafin da ya ɗan fi na ɗakin a gina hanyar a kai. Sannan idan abin shanku yana da benzowet ko sobet na hana lalacewa, ki sani cewa kolom yana riƙe su sosai a ruwa zalla. Idan kika yanke lokaci da zarar sitirik ya fita, suna nan a ciki, za su fito a samfur na gaba ko na bayansa a matsayin wani faffaɗan tudu da ba ki san asalinsa ba. Maganin wannan shi ne a riƙa wanke kolom da metanol bayan kowane rukuni na samfur, su kuma a auna su da hanyarsu daban.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe a Zariya, ina auna asid ɗin laktik da asetik a nono da kindirmo. Kolom ɗin sashenmu irin na resin ne mai milimita 300 da 7.8, ana tura masa ruwan asid ɗin salfa mai rauni a kan mililita 0.6 a minti, kowane samfur minti 25. Da lokacin miƙa aiki ya matso sai na ɗaga gudun zuwa 1.2, na'ura ta yi ƙara ta tsaya, tun daga nan tuddai suke fitowa a karkace. Me ya faru, kuma yaya zan yi sauri?

Amsa: Ɗana, kafin komai ka je ka faɗa wa malamin da yake duba aikinka da mai kula da ɗakin gwaji tun yau, domin akwai ɗaliban da za su yi amfani da kolom ɗin bayanka, kuma sakamakonsu zai gurɓace ba su san dalili ba. Abin da ya faru shi ne, ƙwayoyin irin wannan kolom ba na silika mai tauri ba ne kamar na Malamar da ke sama. Na roba ne mai taushi da ya sha ruwa ya kumbura, kuma iyakar matsin da yake ɗauka bai wuce kimanin bar 100 ba. Da ka ninka gudu sai ƙwayoyin suka danne juna, aka samu rami a kan kolom, samfur kuma yana bajewa a ramin kafin ya fara tafiya. Wani lokaci juya kolom a tura ruwa a hankali, mililita 0.1 zuwa 0.2 a minti, da ɗumi har tsawon dare yakan ɗan farfaɗo da shi, amma a bi takardar da ta zo da shi, kuma kada ka ɗora rai sosai.

Hanyar sauri a wannan kolom zafi ce. Kaurin ruwa a digiri 60 kusan rabin kaurinsa ne a digiri 25, don haka idan aka ɗora tandu tsakanin 50 da 65 matsi yana sauka, tuddai su yi siriri, a samu damar ƙara gudu kaɗan cikin iyakar da masu ƙera shi suka yarda. Sharaɗin shi ne a fara da gudu kaɗan, kamar 0.2, har sai kolom ya ɗauki zafi, domin tura cikakken gudu a kolom mai sanyi shi ne yake kashe da yawa daga cikinsu. Ka lura kuma cewa zafi ba ya motsa asid duka daidai wa daida. A wannan kolom okzalik ne yake fara fita, sai sitirik, tatarik, malik, saksinik, laktik, fomik, sannan asetik a wajen minti 15, kuma saksinik da laktik maƙwabta ne na kusa ƙwarai, ƙaramin sauyin zafi yana iya haɗe su ko ya raba su. Tun da laktik ne ginshiƙin aikinka, ka ɗura su biyun a haɗe a kowane zafi da ka gwada ka ga yadda suka tsaya. Idan sashenku zai sayi sabo kuma asid biyu ko uku kawai ake nema, akwai masu tsawon milimita 150 da 100 da suke rage lokaci da rabi ko fiye.

Nono yana da nasa sharri ga wannan kolom. Furotin ɗinsa yana toshe shi, kalsiyam ɗinsa kuma yana maƙalewa a jikin resin ya kori haidurojin da aikin ya dogara a kai. Ka narka samfur da irin ruwan asid ɗin da kake turawa domin furotin ya dunƙule, ka wujijjiga shi, ka cire maiƙon sama, ka tace, kuma kada ka yi aiki ba tare da kolom mai gadi ba. Idan kuwa wata rana aikinka ya koma kan asid masu tashi da tururi kaɗai, irin su asetik da butirik, to kuromatogirafi na iskar gas ya fi dacewa da su, hasali ma a kan irin waɗannan asid ne Martin da James suka fara nuna wannan dabara a Ingila a 1952.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina aiki a sashen tabbatar da inganci na wani kamfanin magunguna a Kaduna, muna auna asfirin da bitamin C da gishirin ORS. Hanyoyin da ke cikin kundin ƙa'idojin magunguna da muke bi tsofaffi ne masu dogayen kolom. Shin doka ta ba mu damar gajarta su, ko sai mun nemi izini?

Amsa: Malam, akwai filin da aka bar muku, akwai kuma inda katanga take. Babi na 621 na kundin Amurka, wanda aka daidaita shi da babi na 2.2.46 na kundin Turai kuma sabon rubutunsa ya fara aiki a watan Disamba 2022, ya yarda a sauya tsawon kolom da girman ƙwayoyi muddin sakamakon raba tsawo da girman ƙwaya bai yi ƙasa da na asali da fiye da kashi 25 cikin 100 ba, bai kuma haura shi da fiye da kashi 50 ba. Idan hanyar asali ta kolom 250 ce da ƙwayoyi 5, wato 50,000, filinka daga 37,500 ne zuwa 75,000. Kolom 150 da ƙwayoyi 3 yana ciki, 100 da ƙwayoyi 1.8 yana ciki, amma 50 da ƙwayoyi 1.7 yana ba da kimanin 29,400, ya fita. Ana iya motsa pH da 0.2 sama ko ƙasa, amma ba a sauya nau'in sinadarin da ke jikin ƙwayoyin kolom, ba a kuma sauya zangon hasken da ake aunawa da shi. Bayan kowane sauyi wajibi ne gwajin dacewar na'ura da aka rubuta a hanyar ya yi nasara, a kuma rubuta abin da aka sauya da lissafinsa a ajiye, domin mai bincike daga NAFDAC takarda zai nema. Duk abin da ya wuce wannan fili sabuwar hanya ce, sai an tabbatar da ingancinta bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ICH Q2, a kuma bi matakan sanar da hukuma idan hanyar tana cikin takardun rajistar maganin. Ka duba bugun kundin da ke aiki a yanzu kafin ka fara, musamman ga hanyoyin da ake sauya haɗin ruwa a tsakiyar tafiya, domin sharuɗansu sun fi tsauri.

A magungunan da ka ambata, sauri yana ƙara gaskiyar sakamako ma, ba lokaci kawai yake tanadi ba. Asfirin idan ya haɗu da danshi yana rushewa ya koma asid ɗin salisilik da asetik, shi ya sa tsohuwar kwalbarsa da ta sha damina take bugun hanci da warin binega da zarar an buɗe. Wannan rushewa tana ci gaba a cikin 'yar kwalbar samfur da ke jiran layi a kan na'ura. Idan samfur 20 suna jira kuma kowanne minti 30 ne, na ƙarshe zai yi kusan awa 10 a narke, salisilik ɗin da za ka gani a cikinsa kuwa wani sashensa a ɗakin gwajinka aka haife shi, ka ƙi kayan da ba su da laifi. Sai dai a nan ne kuma ake bukatar taka tsantsan, domin tudun salisilik ƙarami ne a gefen katafaren tudun asfirin, kuma shi ne farkon abin da yake ɓacewa idan aka matse hanya fiye da kima. Bitamin C, wato asid ɗin askobik, ya fi asfirin ma saurin lalacewa, iska da haske da zafi duk suna cinsa. A narka shi a ruwan asid ɗin metafosforik, a zuba a kwalabe masu duhu, a sanyaya farantin jira idan na'ura tana da wannan dama, a auna shi a wajen nanomita 245.

Game da ORS, haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi yana ɗauke da giram 2.9 na gishirin sitiret a kowace lita, tare da gulukos giram 13.5, kuma wannan sukari mai yawa shi ne abin lura idan ana auna sitiret ɗin. Kuromatogirafi na ayon, wanda Hamish Small da abokan aikinsa suka fito da shi a 1975, yana auna sinadarai ne ta yadda suke ɗaukar lantarki, sukari kuwa ba ya ɗauka, don haka ba ya shiga tsakani. Idan kuna da irin wannan na'ura, ita ce ta fi sauƙi ga sitiret na ORS da laktet na ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya.

Tambaya: Malam, ni ƙaramar mai sana'a ce a Katsina, ina zuba zoɓo da kunun tsamiya a roba ina kai wa shaguna. Ba ni da halin wannan na'ura. Yaya zan san tsamin kayana bai sauya daga dahuwa zuwa dahuwa ba?

Amsa: Hajiya, aikinki na kullum ba ya bukatar kuromatogirafi. Ita na'urar tana faɗin ko wane asid ne da yawan kowanne, ke kuwa jimillar tsami kike nema, wannan kuma ana samunta cikin minti biyar da ƙaramin ma'aunin pH na hannu da bututun awo mai famfo da ake kira buret. Ki auna mililita 10 na zoɓo, ki riƙa ɗiga masa ruwan soda mai ƙuna, wato sodiyam haidurokisaid, mai ƙarfin mola 0.1, wanda masu sayar da kayan ɗakin gwaji suke haɗawa, kina motsawa har ma'auni ya nuna 8.1. Kada ki dogara da sinadarin da yake sauya launi, domin jan zoɓo yana ɓoye shi. Kowace mililita ɗaya ta sodar da kika ɗiga daidai take da giram 0.0064 na asid ɗin sitirik, ke nan idan kika ci mililita 8, tsamin ya kai kimanin giram 0.5 a kowace mililita 100. Ki rubuta wannan lamba da pH na kowace dahuwa a littafi, ki kula pH ɗin ya zauna ƙasa da 4.6 sosai, ki kuma kiyaye idonki da hannunki daga sodar domin tana ƙuna.

Inda za ki bukaci na'urar shi ne idan kina sa benzowet ko bitamin C, ko kina shirin yin rajista da NAFDAC. A nan sai ki kai samfur ɗakin gwajin da aka amince da shi, a cikin robar da kike sayarwa ba a buɗe ba, a kula mai ƙanƙara, da kwanan watan dahuwa a rubuce a jikinta, ki kuma gaya musu duk abin da kika zuba a ciki da yawansa domin su zaɓi hanyar da ta dace tun a ɗurin farko.